Bishiyar ƙofar gida a Sabha: wa zai shayar da ita a watan Yuli?

Zafi ya fara sauka, kuma kamar yadda aka saba idan Oktoba ta kama, maganar dashen bishiya ta dawo bakin mutanen Sabha. Za ka ga hotuna a Facebook, matasa sun fito da shebur da diga, an jera 'yan dashe cikin baƙar leda, kowa na murmushi. Abu ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. Amma wanda ya taka da ƙafa daga Gurda zuwa Mahdiyya, ko ya ratsa Manshiyya, ya san sauran labarin da ba a ɗauka a hoto. Gurbin nan da ake bari a jikin rasif domin bishiya, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa haud, sau da yawa abin da ke cikinsa busasshen tsinke ne da guntun sigari da robar ruwan da iska ta kwaso. Can gaba kaɗan kuma sai ka tarar da wata ta yi kore shar, an kewaye ta da bulo, an tokare ta da sanda. Ga shi titi ɗaya suke, rana ɗaya ke dukansu. Tambayi mai shagon da ke kusa, zai nuna maka ƙofar gidan mai koren. Busasshiyar kuwa, kowa zai ce maka ai ta jama'a ce.

Ina goyon bayan Hausawan garin nan su shiga wannan aiki, mazauna da baƙi baki ɗaya. Sai dai da sharaɗi guda: kada a sa dashe a ƙasa sai an san sunan wanda zai shayar da shi shekara biyu cur, an kuma san wanda zai karɓa idan shi ya tashi. Wanda ba zai iya wannan alƙawari ba, gara ya bar dashen a wurin mai sayarwa, ko ba komai can ana ba shi ruwa.

Ba sai na yi wa mutumin Sabha dogon bayani a kan amfanin inuwa ba. Garin da ruwan saman da yake samu a shekarar da aka saba bai kai milimita 20 ba, alhali Maradi na samun wajen 500, ita kanta Agadas da muke kira sahara ta ninka mu sau da yawa. Daga Yuni zuwa Agusta zafi na haura digiri 40 kamar wasa. Ga gibli da ke tasowa daga kudu ta cika ɗaki da ƙura ko an rufe taga. Idan wuta ta ɗauke, kuma mun san yadda take ɗaukewa a kudu da bazara, bangon siminti da ya wuni yana shan rana shi zai kwana yana amayo ta a kan yara da tsofaffi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna cewa bango ko daɓen da ke cikin inuwa yakan fi wanda ke cikin rana sanyi da digiri 11 zuwa 25 a lokacin da rana ta take. Mai hali ya tayar da janareta, in ya samu mai. Leburan da ke haya ɗaki ɗaya su shida fa?

To, na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa a majalisa. Mu da ba garinmu ba, gida ba namu ba, gobe ma ba mu san inda za mu kwana ba, me ya haɗa mu da dashen itacen da sai ya shekara biyar kafin ya yi inuwa? Magana ce mai nauyi kuma ba zan raina ta ba. Mutumin da ke fita aiki da safe bai da tabbacin zai dawo ɗakinsa da yamma ba tare da an tare shi a hanya ba, ba ka isa ka yi masa wa'azin zama ɗan gari ba. Kuma ba zan yaudari kowa ba: bishiya ba ta ba da takardar zama, ba ta hana kame.

Amma mu duba ko su wane ne mu a Fezzan. Hausa ba jiya ta iso nan ba. Tun kafin a ja iyakar da ke tsakanin Libiya da Nijar, ayari na tashi daga Kano ya bi ta Agadas da Ghat, ko ta Bilma, ya sauka Murzuk, da fatake da mahajjata da waɗanda aka kawo ba da son ransu ba. Baturen nan Heinrich Barth ya ratsa Murzuk a 1850, ya shiga Kano a 1851, a kan hanyar da ƙafafun mutanenmu suka riga suka taka. Akwai gidaje a nan da kakanninsu aka binne a wannan ƙasa. Akwai kuma dubban 'yan ci-rani daga Damagaram da Tawa da Maradi da Katsina da Kano, wanda ya zo da niyyar wata shida ya wayi gari ya shekara goma sha biyu. Kuma wa ke ban-ruwa a gonakin da ke kewaye da Sabha? Wa ke hawa dabino ya yi masa barbara, ya sauke talis da tagiyat idan sun nuna? Da yawa hannun 'yan uwanmu ne. Mun iya raino a gonar wani don a biya mu dinari, sai ƙofar da muke kwana ce za mu ce ba ruwanmu? Inuwar da muke zama yau a bakin masallaci ko tasha, wani ne ya dasa, kuma da wuya a ce shi ya fi shan ta.

Akwai wani amfani da ban cika son a yi ta kururuta shi ba, amma gaskiya ne. Maƙwabcin da kullum da yamma yake ganin ka da jarka kana shayar da itace a layinsu, kallon da yake maka dabam ne da wanda yake wa mutumin da bai san shi ba sai da jakar baya. Gaisuwa takan fara daga nan. Watarana shi zai miƙo maka tiyo ta saman katanga.

Dalilin da ya sa na kafe a kan sai an san mai ita, darasi ne da aka koya a ƙasar Hausa da tsada. Shekara da shekaru gwamnatoci da ƙungiyoyi suna dashe a Nijar da arewacin Najeriya. A Nijar tun 1975 aka haɗa bikin samun 'yancin kai na 3 ga Agusta da ranar dashen itace. A Najeriya kuwa duk damina sai an ga manya da babbar riga sun durƙusa sun dasa ɗaya, an tafa, an watse, akuya ta zo ta rufe taro. Mafi yawan abin da aka dasa mutuwa yake yi. Dokar gandun daji da aka gada daga Faransa ta mai da itace kayan gwamnati, har manomi na iya cin tara don ya sassabe reshe a gonarsa. Don haka da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun bai jawo masa ma'aikaci ba.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kafin shuka kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Lokacin yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari, an ba manoma abinci don su gwada wannan dabara, kuma da abincin ya ƙare da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe nasu suka ga itacen girki da abincin dabba da gero ya fi kyau a gindin gawo. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da an raba ko dashe ɗaya ba. Shi ne ake kira sassabin zamani. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Da yawa daga masu karanta wannan shafi a gonakin nan suka tashi, sun fi ni sanin zancen.

Ba na cewa a kwaso dabarar a kawo titin Sabha, don a nan babu kututture a ƙarƙashin kwalta, kuma babu daminar da za ta ɗauki nauyi. Abin ɗauka shi ne wancan na tsakiya: itacen da aka ce na kowa ne, ba wanda zai tashi daga barcin rana a watan Yuli ya kai masa ruwa.

Sai maganar wane iri. Nan ne son zuciya ke shigowa, don kowane Bahaushe idan aka ce inuwa, darbejiya ce ke faɗo masa, ko dogon yaro, ko bedi, gwargwadon inda ya fito. Ita ma fa baƙuwa ce, daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau ga shi kamar da ita aka halicci garuruwanmu. Alhazai sun gan ta jere a filin Arfa. Amma Makka ba ta da sanyin Sabha. A nan daren Janairu yakan gangaro kusa da sifiri, kuma ƙaramar darbejiya ba ta jure wannan. Mai son ta ya dasa a jikin bangon da ke kare iskar arewa, ya kuma lulluɓe ta da buhu a darare masu tsanani na hunturun farko da na biyu. In ba zai iya ba, ya haƙura da ita.

Wanda nake roƙon a yi hattara da shi shi ne konokarbus, koren itacen nan mai saurin girma da ya cika biranen Larabawa. Yana burge ido, shekara biyu ya wuce katanga. Saiwarsa kuwa ruwa take bi duk inda yake, ta shiga bututun famfo, ta shiga ramin masai, wanda a nan ake ce wa bayyara. Jihar Gujarat ta Indiya sai da ta hana dasa shi a 2023. A garin da magudanar ƙazanta ke yawan toshewa da ma, ba ƙaramin rigima ba ce baƙo ya dasa abin da zai fasa bututun maƙwabci. Asal, wato bishiyar saharan nan mai siririn ganye da ke tare iska a bakin gonaki, tana da juriya ƙwarai, amma tana zubar da gishiri a gindinta kuma tana son fili, ta fi dacewa da babban titi da bayan gari. Dabino ɗan gida ne, saiwarsa ba ta ture bango, sai dai inuwarsa kaɗan ce kuma mashayin ruwa ne.

Ni dai da za a bi ta tawa, kurna ce gaba, wadda Larabawa ke kira sidir. Ta san zafi, ta san sanyi, saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya, kuma maƙwabcinka Balarabe ko Batubo ko Buzu yana girmama ta kamar yadda kake yi. Aibinta ƙaya, don haka a riƙa ɗage rassan ƙasa har su wuce kan mutum. Kandili, wanda ake ce wa talha a nan, shi ma ɗan ƙasa ne. Aduwa tana yi amma sai mai haƙuri. Ga kuma zogale ga mai ƙaramin gurbi. Inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba, yana kuma kaɗe ganye da hunturu, amma yana da wani sirri: gidan da uwargida ke tsinkar zogale ta yi kwaɗo ko dambu, wannan itace ba zai kwana da ƙishi ba. Duk itacen da ke ba da wani abu a hannu ya fi samun mai kula.

Ruwa shi ne gaskiyar maganar, kuma a nan dole mu ji tsoron Allah. Ruwan da ke fitowa a famfon Sabha ba na daminar bara ba ne. Tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa shekaru dubbai da suka wuce lokacin da sahara ke da tafkuna, kuma abin da aka zuƙa ba ya komawa. Daga rijiyoyin Jabal Hasawna da ke arewa da mu ake tura irinsa ta bututun Nahrus Sina'i zuwa Tarabulus tun 1996. Mutanen Jarma na dā, can Wadil Hayat, sun haƙa ɗaruruwan hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira fuggara, suka yi noma suka gina birni a tsakiyar rairayi, kuma masana tarihi da yawa na ganin ja da bayan ruwan na cikin abin da ya durƙusar da su. Saboda haka mai sakin tiyo ya kwana yana zuba a gindin itace, ko mai shimfiɗa ciyawar ado a ƙofar gida, ba gyara yake ba.

Abin da ƙaramar bishiya ke buƙata bai kai yadda ake zato ba, kuma yawancinsa muna zubar da shi a banza kullum. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da kayan miya, ruwan ɗaurayar kofin shayi, duk suna yi. Gidan mutum shida da ke tara ruwan alwalarsu a bokiti sun shayar da bishiya sun yi saura. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo da bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo, don gishirinsu na taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa a hankali. A zuba da yawa lokaci ɗaya, kamar jarka mai lita 20 sau biyu ko uku a mako da bazara, da yamma ko da asuba, ya fi a riƙa yayyafa kofi ɗaya kullum. Yayyafi saiwa yake koya wa zama a sama, ranar da aka yi fashi kuma sai ta ƙone. Wanda ya samu tulun ƙasa ya binne shi a gefen dashen har wuya, ya cika ya rufe bakinsa, zai ga yadda yake tsatsafowa a hankali. In babu tulu, babbar robar ruwa da aka huda ƙasanta da allura ta wadatar. A rufe gindin da busasshen ganyen dabino ko tsakuwa don rana ta rage sha.

Shi kansa gurbin akwai gyara a yadda ake yin sa. Sau da yawa ana haƙa ɗan rami tsawon hannu, a ƙasa kuwa ɓaraguzan gini ne ko dandaryar ƙasa mai tauri, sai itacen ya zauna kamar a tukunya. A haƙa aƙalla kamu biyu zurfi da faɗi, a kwashe ɓaraguzai, a fasa taurin, a gauraya ƙasar da takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin tumaki ƙona saiwa yake. A ja baya daga bango da bayyara, a ɗaga kai a duba wayar lantarki. Bulon kewaye kuma kada a gina shi kamar rijiya, layi ɗaya ya isa, a bar masa kafa ta gefen titi. Mun ga abin da ya faru a Satumbar 2024, da ruwan sama ya sauka a Sabha kamar da bakin ƙwarya, ya cika tituna ya shiga gidaje ya yi ɓarna, saboda garin ba shi da inda ruwa zai bi. Gurbin bishiya ba zai hana ambaliya ba, amma kowane buɗaɗɗen gurbi wuri ne da ruwa zai nutse maimakon ya nufi ƙofar ɗaki. Sannan a sa kariya ta waya ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta, saboda awaki da yara da masu ajiye mota a kan rasif.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi shafar mu a matsayinmu na tsiraru. Rasif ba naka ba ne, ba ma na mai gidan ba ne, na baladiyya ne. Kada ɗan uwa ya ɗauki diga ya fasa daɓen titi don ya karanta wannan shafi. Inda akwai gurbi a buɗe, a nemi izinin mai gida, a gaya wa maƙwabci na dama da na hagu. Inda sai an fasa siminti, mai gidan ko wani ɗan ƙasa a layin ya je wurin muktarin mahalla ya yi magana, shi ya tsaya a gaba. Abin da ɗan gari zai yi a ce masa sannu da ƙoƙari, baƙo na iya yin sa ya kwana yana amsa tambaya. Wannan ba daɗi, amma haka zaman yake, kuma alheri bai kamata ya zama sanadin wahalar mai yin sa ba.

Ga shugabannin al'ummarmu da limamai da masu shaguna, aikinku a nan ƙarami ne amma shi ne ginshiƙi. Ku ne ba ku cika tashi ba. A kowane layi a samu mutum ɗaya mai littafi, ko rukunin WhatsApp in ya fi sauƙi, a rubuta: kurnar ƙofar gidan wane, wane ke shayarwa. Mai tafiya gida ganin iyali, ko mai komawa gaba ɗaya, kamar yadda yake sallamar mai gida ya miƙa makulli, ya miƙa bishiyarsa ga wani da baki, a gaban shaida. Sabon ɗan haya ya tarar da ita cikin abin da aka damƙa masa tare da ɗaki. Masallatan da ruwan alwalarsu ke gangarewa titi ya zama caɓi, bututu ɗaya da 'yan dinari kaɗan zai kai shi gindin itace uku ko huɗu. Malamai na lissafa dashe cikin sadakar da ladanta ke gudana, kuma ban ga inda aka ce sai mai takardar ɗan ƙasa ba.

Ga majalisar baladiyyar Sabha kuma, roƙona uku ne kuma babu mai cin kuɗi a ciki sosai. A fito da bayani a fili kan wanda ke da izinin dasawa a rasif da inda ake neman izinin, yadda ɗan haya ma zai san matsayinsa. A haɗa kai da malaman aikin gona na Jami'ar Sabha su fitar da sunayen itatuwan da suka dace da titi da waɗanda a guje su, a manna a wuraren sayar da dashe, da Larabci da Hausa da Tubanci da Buzanci. Idan kuma za a raba dashe kyauta, a daina ƙirga nawa aka raba. A rubuta sunan wanda ya karɓa da layinsa, a dawo a watan Satumba na baɗi a ƙirga nawa ke da ganye.

Lokacin dashe daga yanzu ne zuwa tsakiyar Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. Wanda ya rasa wannan ya jira ƙarshen Fabrairu, ya yi amfani da watannin tsakani ya haƙa raminsa, ya tara taki, ya kuma zauna da mai gida da maƙwabta a gama magana.